Ruwa Iya Ƙirjin Dogo

A wani zamani an yi wani dogon mutum mai tuƙa kwale-kwale a wani tafki mai faɗi amma marar zurfi. Duk sanda aka ce masa iska ta taso, sai ya yi dariya ya ce, "Ruwan nan fa iya ƙirjina ne."

Wata rana wata tsohuwa ta zo ƙetarewa da ƴan awakinta, su ke nan abin da ta mallaka. Aka ɗaure musu ƙafafu, aka zuba su a jirgi. Ta dubi sama ta ce, "Ɗan nan, mu jira iskar nan ta kwanta."

Ya ce, "Haba Inna, ruwan nan fa iya ƙirjina ne."

Suna kaiwa tsakiya sai iska ta ƙara ƙarfi. Nan da nan igiyar ruwa ta tashi, tana ɗaga jirgin tana maka shi da ƙasan tafkin, har katako ya tsage.

Dogo ya dira, ya saɓa tsohuwa a kafaɗa. Ruwa kuwa iya ƙirjinsa. Awaki suka yi ɗan kuka, suka yi shiru.

Da suka kai gaɓa, tsohuwa ta matse zaninta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Gaskiyarka, ɗan nan, iya ƙirjinka ne. Awakina ne ba su kai ka tsawo ba."