Ruwan Zafi a Kwatar Ɗakin Haihuwa

Duk bitar da aka yi mana, mu sababbin nas a wani asibitin Sakkwato, ba wanda ya nuna mini inda ake zubar da ruwan tafasa almakashi. Da magariba na sheƙa shi a kwatar bayan ɗakin haihuwa.

Ina juyowa sai ga wata mata rungume da jariri, fatar bayansa ta saɓule tana tururi.

"Ke ɗiyar ga, an koya maki allura, ba a koya maki bisimilla ba?" in ji ta.

Na harzuƙa. "Wace muguwa ta ƙona shi haka? Kawo shi ciki."

"Ni kike tambaya?"

Na duba ƙasa. Jiƙaƙƙen sawunta daga ramin kwatar ya fito.