Karen da Maharbi Ya Bari

A wani gari can bakin daji, maharbi ya mutu ya bar kare. Ciwon makero ya cinye jikin karen, gashi yana zuba zobe-zobe. Mutane suka ce kowane zobe kabarin mutum guda ne, suka kore shi da jifa.

Wata tsohuwa ta ɗauke shi. Kullum sai ta naɗe hannu da tsumma, ta wanke shi da ruwan darbejiya.

"Iya, ba kya tsoro?" in ji maƙwabcinta.

"Ciwo ne, ɗana. Ƙaiƙayi yake ji."

Zobban suka rufe, ba wanda ya mutu. Da damina ta faɗi, aka riƙa wayar gari da sawun kura a kowace ƙofa, awaki suna ɓacewa. A ƙofar tsohuwa kuwa, inda karen maharbi yake kwana, sawun yakan tsaya daga nesa, ya juya.