Injin Rijiyar Kasuwa

Da hantsi aka shigo da maigadin kasuwa ofishin 'yan sanda, leɓe a fashe, riga a yage. A gaban masu jansa akwai tsohon Kansila, babban dillalin kayan gini, wanda ya sha ƙasa a zaɓen bana.

"Insifeto, injin rijiyar burtsatsen da na haƙa wa kasuwa aka sace. Ga ɓarawon nan, gobe a kai shi kotu!"

Insifeto ya tsani a kawo masa ƙara da hukuncinta a haɗe. Ya fatattaki 'yan rakiya, ya dubi dattijon maigadin.

"Baba, me ka gani?"

"Ban ga komai ba, yallaɓai. Barci ne ya ɗauke ni."

Ƙarya ce, ko ido ya kasa ɗagawa. In kuwa ya kafe a kanta, a gidan yari zai ƙarasa tsufansa.

Insifeto ya nufi kasuwa. A ɗakin injin, kwaɗon ƙofa lafiya lau. An kwance bututu da sifana a tsanake, har an tara notuna a gefe. Ɓarawo mai ladabi ke nan! Insifeto zai tafi sai ya ga ramukan ƙusa a bangon waje.

"Me ke nan a da?" ya tambayi wata mai kayan miya da ke tsaye da busasshen bokiti.

"Allon sunan Kansila mana, har da hotonsa yana washe baki. Shi ma an ɗauke."

Ran Insifeto ya ɓaci. Wane ɓarawo ne zai tsaya cire allon da ba mai saye?

Ya ɗauki Kofur ɗinsa, suka iske Kansila a shagonsa yana shan shayi. Insifeto ya hango wani abu lulluɓe a lungu.

"Kofur, ɗaga mini tamfal ɗin can na bayan buhunan siminti."

"Kai, ka san da wa kake magana?" in ji Kansila.

Kofur ya ɗaga. Ga injin, ga allon a kansa, an naɗe shi da sabon bargo kada ya kurje.

Kansila ya miƙe. "Eh, ni na ɗauka! Ni na yi ta zarya aka haƙa ta. Suka sha ruwana, suka zaɓi wani. To, ya shayar da su!"

"Da dukiyar jama'a aka haƙa ta, ba da gadonka ba," Insifeto ya daka masa tsawa. "Dattijon da ka tsaya ana jibga fa?"

"Ai da ni zan yi belinsa."

Insifeto bai bar wa Kofur ba, da hannunsa ya ɗaura masa ankwa, aka ratsa da shi ta tsakiyar kasuwa zuwa mota.

Da ya koma ofis ya sallami maigadi, amma haushi bai sake shi ba.

"Baba, ka gan shi da idonka. Me ya sa ka yi shiru?"

Dattijon ya share jinin bakinsa. "Ɗakin da nake ciki da iyalina nasa ne, yallaɓai. Na gode ka wanke ni. Sai dai ban san inda za mu kwana yau ba."