Ƙafar Hagun Auta

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan matana. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku gyara zama.

"Wayyo gwiwata!"

Auta ta dafe ƙofar falo, ƙafar hagu ta ƙi takuwa. Saura wata guda gasar tseren keken da ta shekara biyu tana yi wa shiri.

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Ai ga irinta nan! Tun ranar da saurayin nan naki mai gyaran keke ya kawo miki takalmi mai maƙalewa a feda kike ɗingishi. Wa ke ɗaure ƙafa a jikin keke?"

"Umma, haka 'yan tsere suke yi..."

"To ki ji da kyau. In gwiwar nan ba ta warke ba, babu keke, babu maganar aurensa!"

Ɗan Goggo mai kantin magani, wanda kullum yake zuwa da man shafawa da kuma nasa nufin, ya yi gyaran murya.

"Ni dai Umma, da ni ne, a mota zan riƙa ɗaukarta."

Auta ta harare shi, hawaye na zubo mata.

Washegari da hantsi sai ga mai gyaran keken, da keken da takalman. Ya durƙusa ya gaida Umma, ta amsa ciki-ciki.

"Zumata," ya ce da Auta, "na ɗaga sirdi, na sauke, ban gano komai ba. Ƙarfen ƙasan takalmin nan kuwa a miƙe na ɗaura shi, sak yadda kike taku. Daure ki taka in sake gani."

Ta cije leɓe, ta tako daga kujera zuwa taga, ƙafafu a miƙe sambal.

Umma ta bi ta da kallo... sai dariya, har ludayin hannunta ya faɗi.

"Wannan tafiyar a ina kika aro ta? Ke Agwagwa!"

"Umma, don Allah!"

"Yaro, tun da yarinyar nan ta fara tafiya ƙafar hagunta waje take kallo. Yayyenta Agwagwa suke ce mata."

Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon silifas ɗin Auta. Dunduniyar hagun ta cinye ta gefe guda.

Mai gyaran keken ya juya shi a hannu, ya ɗago.

"Wato duk sanda kika hango ni, miƙar da ita kike yi?"

Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Kunya nake ji, Injiniya... kar ka yi min dariya."

"Haba rabin raina! Ni kuma na je na ɗaure miki ƙafa inda ba nan Allah ya ajiye ta ba, gwiwa tana murɗewa kullum." Ya juya ga Umma. "Laifina ne, Umma. Tsohon takalminta ya kamata in fara dubawa."

Umma ta kalle shi da mamaki. Ita fa ta zata gardama zai yi.

Ya zauna a ƙasa, ya sassauta kusoshi, ya karkata ƙarfen kaɗan. Umma ta sunkuyo.

"Ƙara... ƙara dai, ni na haife ta. Yauwa, nan!"

"Sai ta huta sati biyu," in ji shi.

"Ka bar min wannan. Tashi daga ƙasa, ɗana, ka ci abinci."

Ɗana fa! Auta ta leƙo ta gefen mayafi.

Gwiwa ta lafa. Ranar gasa Auta ta zo ta uku, muryar Umma kuwa ta fi ta kowa a bakin titi. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Ɗan Goggo yana kantinsa, ya auri wata malamar makaranta. Umma ta ajiye silifas ɗin nan tana nuna wa baƙi. Auta kuma tafiyarta ta agwagwa take yi a gidan mijinta, gwiwar ba ta sake ciwo ba.