Firigon Daudawa

Ku ji mini yara! Ba ku da aiki sai tambaya? Wa ya aike ku bayan rumbu har kuka ga tsohon akwatin ƙarfen nan? To, ku zamna. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, kawunku Kalla ya kawo shi daga Madawa. Ƙaramin firigo ne, na sanyaya ruwa, da ya mutu, aka yar. Mutanen Garhanga suka yi ta dariya. Ni ko na san abin da nike so.

Lokacin ɗari ne. In na dafa gurguzun yakuwa, sai ya huce kafin ya ruɓa ya zama daudawa. Ga sunan jinjirin gwaggonku Zali ya matso, ba abin sa wa miya.

Na sa Kalla ya shimfiɗa buhunna a ciki. Muka cusa ƙaiƙayi ta ko'ina. Ya yanko robar taya ya liƙe bakin ƙofa. Na sa tukunyar gurguzu da zafinta, na rufe.

Na ce, "Kada wanda ya taɓa!"

Uwarku tana 'yar lakwal lokacin, tana karatun boko. Ashe ta gaya ma duk ajinsu gidanmu akwai firigo. Ina rijiya, ta buɗe shi. Ta fid da tukunyata ta aje a iska. Ta zubar da ƙaiƙayi, ta sa kwanon ruwa.

Na dawo na iske Mushe Alƙasim, malaminsu, ya zo gaisuwa. Yarinya ta rugo da kwano, tana washe baki.

"Mushe, ga ruwan firigo!"

Bawan Allah ya kurɓa. Sai idonsa ya fito. Ya riƙe hanci yana tari.

"Mi kika sa a ciki?"

Na juya, na hangi tukunyata a buɗe, ƙudaje sun baƙanta ta. Tulun da ke kaina ya faɗi ya fashe.

"Innalillahi! Ke! Daudawar sunan ke nan?"

"Inna, na ji wari ne. Na zaci datti ne. Ba firigo sanyi shike yi ba?"

Mushe ya share hawaye ya ce, "Sai da wutar lantarki, ɗiyata. Wanga bai yin sanyi, bai yin zafi. Abin da aka ba shi shike riƙewa. Mi ya hana ki tambayi Inna?"

Ta fashe da kuka. Ban buge ta ba. Na miƙa mata ƙwarya.

"Tahi gidan maƙwabciyarmu Jima ki roƙo gurguzu. Ki faɗa mata abin da kika yi, da bakinki."

Ta tahi, kai a ƙasa. Ita ta wanke, ita ta yi ta hura wuta har hayaƙi ya ja mata ido. Ita ta tsince ƙaiƙayi ta mai da. Kullum in ta taso lakwal, sai ta zamna gaban ƙofar, ko kaza ba ta bari ta matso.

Ana gobe suna muka buɗe. Wari ya buge mu har zaure. Ta yi! Uwarku ta yi ta tsalle tana guɗa. Ran suna, ko ɗigon miya bai kwana ba.

To kun ji. Abin da ba ku san amfaninsa ba, ku tambaya kafin ku sa hannu. Kuma ku bar cika baki.

Ke, rufe bakin nan, ƙuda zai shiga. Ku tashi ku kwanta!