Mai Gyaran Famfo a Ƙarƙashin Lemar Ango

A wani sito da ke unguwar Safa a birnin Jidda suka fara ganin juna, ranar da 'yan sa kai ke ɗaure kwalayen agajin da za a kai ƙauyukan Biyetnam, inda ambaliya ta cinye gonakin shinkafa. Mastura 'yar Alhaji Garba, mai aiki a kantin magani, ita aka ba salatif. Abduljalil, mai gyaran famfo ɗan Damagaram, shi ke danne bakin kwali. Ta ɗago ido, ya ɗago ido, hannunta kuwa bai daina aiki ba. Kafin su farga ta naɗe masa hannun riga a jikin kwalin gidan sauro.

"To, ni ma a kwali za a aika ni?" in ji shi.

"Ai ka huta da layin biza," ta ce, tana rufe baki da gefen mayafi.

Daga ranar ya sa mata suna Mai Salatif, ita kuma ta sa masa Ɗan Ruwa, don shi ƙungiyar 'yan sa kai ta zaɓa ya je ya kafa wa ƙauyukan matatun ruwan sha. Ya ce lambarta yake so saboda aiki. Aiki kuwa an yi shi, don waya ba ta ƙara hucewa ba!

Magana ta kai kunnen Alhaji Garba a gidansa da ke unguwar Sa'alaba. Gwaggo Bara'atu, ƙanwarsa, ita ta kai ta da zafinta, ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba.

Alhaji ya kira 'yarsa. "Ya binti, mutumin da kafilinsa, ubangidansa na aiki, ya ba shi hutu, maimakon ya je ya ga uwarsa, sai ya tafi ƙarshen duniya yi wa baƙi aiki kyauta? Wannan zai zauna ya riƙe gida? Ga Meshari ɗan aminina, da aikinsa, da motarsa, da gidansa a Safa. Halas, magana ta ƙare."

"Yaba, ka bari ya dawo ka gan shi."

"Ya dawo tukuna."

Abduljalil ya tafi, saƙonni suka fara zubowa.

"Mai Salatif, na iso! Gidajensu a kan dogayen sanduna suke, ruwa na wucewa ta ƙasa. Kwalekwale ne motarsu. Na shiga ɗaya na faɗa ruwa, yara suna ta tafi."

"Ɗan Ruwa ya koma gida kenan. Ka ci abinci?"

"Shinkafa da kifi safe, rana, dare. Habibti, ƙauyen nan Musulmi ne, Cham ake ce musu. Da wata tsohuwa ta ji daga kusa da Makka nake, sai ta kama hannuna tana kuka. Yau mun kafa matata a makaranta. Wata yarinya ta ɗaga kofi tana leƙa ƙasansa, wai ba ta saba ganin gindin kofi ta cikin ruwa ba. Da kina nan da kin yi kuka."

"Ina yi ma daga nan. Ka raba gidan sauron da ya kama ka?"

"Na ba wata mai jego. Na ce mata wannan mai albarka ne."

Ana cikin haka sai ga hoto. Wani abokin tafiyarsa ne ya sa a guruf ɗin 'yan sa kai, daga nan ya yi tsalle ya faɗa wayar Gwaggo Bara'atu. Ga Abduljalil cikin farar jallabiya da ƙyallen kai irin na Jidda, an ɗaga masa wata lema mai ado, maza na buga ganguna, yana dariya har kunne. Wanda ya ɗauki hoton ya yanke rabin mutanen da ke gefensa. A ƙasa an rubuta: "Biki a ƙauye, mabruk!"

Kafin magariba labarin ya zaga Sa'alaba ya leƙa unguwar Ammariyya. A gidan farko an ce ya yi aure. A gida na uku amaryar 'yar sarkin ƙauye ce. Da aka kai gidan masu kitso, har ta yi ciki.

Gwaggo ta dangwara wa Mastura wayar a cinya. "Ga mai famfonki nan, ya haɗa bututu a wani gidan!"

Mastura ta kira, ba ta shiga. Ta sake kira, shiru. Ruwa ya ƙaru a can ya ɗauke musu sabis, amma wa zai gaya mata? Alhaji kuwa ya aika wa mutanen Meshari su zo ranar Juma'a bayan la'asar a tsayar da magana.

Ta yi kukanta ta gaji, ta wanke fuska, ta rubuta:

"Abduljalil, in kai ne angon, Allah ya sanya alheri. In ba kai ba ne, Juma'a bayan la'asar za a ba da ni. Ban iya yi wa Yaba musu ba tare da hujja a hannuna ba. Ka kawo mini ita."

Saƙon ya zauna da alama ɗaya, bai shiga ba. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce.

Ranar Juma'a Alhaji ya dawo masallaci, an ajiye masa farantin shinkafar kabsa, Gwaggo na kicin tana jera kofunan gahawar baƙi, sai wayar Mastura ta ɗau ƙara. Kiran bidiyo! Ta fito da gudu ba takalmi ta miƙa wa ubanta.

Ga Abduljalil a barandar wani masallaci, jiƙe sharkaf, don sai da ya yi doguwar tafiya a kwalekwale kafin ya sami sabis, ya ga saƙon, ya koma ya kwaso mutane. Bayansa kuwa ƙauye guda ne, maza da mata da yara, kowa na turo kai.

"Ammi Alhaji, ina wuni. Don Allah kafin ka kashe, ga Liman."

Wani tsoho mai ɗan siririn gemu ya karɓa ya yi sallama da Larabci garau, ashe a Madina ya yi karatu. Ya ce a garinsu ango ne ke sa farar jallabiya da ƙyallen kai irin na Larabawa ranar aurensa, a raka shi gidan amarya da lema. Shi kuma wannan bawan Allah da aka gayyace shi biki sai ya ciro kayan Juma'arsa ya saka. Mutane suka ga ango biyu, suka yi ta dariya, suka tura shi ƙarƙashin lemar don girmamawa.

Aka jawo angon gaskiya, wani ɗan gajere mai kunya. Aka jawo amaryarsa, ta riƙe hannun mijinta gam tana girgiza kai, tana nuna Abduljalil tana faɗin wata magana. Duk ƙauyen ya kwashe da dariya.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce wannan ya cika tsawo, zai fasa mata rufin ɗaki."

Alhaji ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa har shinkafa ta sarƙe shi.

Liman ya gyara murya. "Ya Hajj, jikokina sun daina ciwon ciki saboda yaron nan. Ya gaya mana mahaifinsa ya rasu, danginsa suna nesa. To mu ne danginsa yau. Muna nema masa auren 'yarka."

Tsohuwar nan mai kuka ta kutso ta ɗaga hannu biyu sama, sauran suka bi ta.

Alhaji ya dubi Mastura, wadda ta ƙanƙame labule kamar za ta tsinke shi.

"Ya binti, shi kike so?"

"Shi ne, Yaba."

"Kai Abduljalil! In na ba ka ita, haka za ka riƙa bar mini ita kana yawon duniya?"

"A'a Ammi, da ita zan riƙa tafiya. Suna neman mai ba da magani."

"Ji ɗan banza, tun ban ba shi ba! Yalla, ka dawo. Na ba ka."

Guɗar da ta tashi daga kicin, ta Gwaggo Bara'atu ce, wadda yanzu take rantsuwa wai tun ranar farko ita ta san hoton nan ƙarya ne. Alhaji da kansa ya sa hula ya tafi gidan amininsa ba da haƙuri kafin su ɗauko hanya. Meshari ya yi fushi na kwana biyu, ya huce, har ya ba da aron motarsa ranar ɗaukar amarya.

An ɗaura aure a Sa'alaba, aka jingina waya a jikin tulun gahawa, mutanen ƙauye suna kallo daga barandar masallacinsu suna amin. Bayan biki, da za su tafi Biyetnam, Alhaji ya raka su filin jirgi yana ta faɗa, a kula da sauro, a kula da kwalekwale, kada a ci abin da ba a san sunansa ba. Da suka juya za su shiga, sai ya damƙe hannun surukinsa ya kasa saki.

"Ka gaishe mini da Liman. Ka ce masa amanar da ya nema ga ta nan na aiko."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa duk inda suka sa ƙafa a sha ruwa mai kyau. Amin.