Shaho a Layin Makoki

Ƙarfe tara na safe Shaho ya sulalo a kan dogon ƙarfen da aka shimfiɗa saman rufin gidajen Tudun Haske, ya tsaya cak a kan wata farar mota da ta tare ƙofar makarantar yara. Ya sauko da ƙafafunsa huɗu, ya cafke ta, ya yi sama da ita.

A Zariya ta shekarar 2093 motoci sun fi mutane yawa, layukan unguwa kuwa ba su ƙara faɗi ba. Shi ya sa aka ƙera Shaho. Duk motar da ta wuce minti goma a hanya, sai ya ɗauke ta ya kai Rumbu, wani dogon gini mai hawa talatin da ba a yi masa matakala ba, don ba a gina shi domin mutum ya shiga ba. Kafin ya ɗaga mota, yakan kara mata wata na'ura da ake kira kunnen rai. In ta ji bugun zuciya a ciki, ko na jariri ne, ya bar motar.

Rumasa'u ce ke kula da shi daga wani ɗan ɗaki a bakin layi. Bisa al'adar unguwar, ranar suna ko biki ko rasuwa, ana gaya mata ta kwantar da Shaho, baƙi su ajiye motocinsu inda suka samu.

A irin wannan rana ce, wata huɗu da suka wuce, numfashin 'yarta Walida ya sarƙe. Motar asibiti ta iso bakin layi ta rasa hanya, saboda baƙin walimar maƙwabcinta Alhaji Mamuda sun toshe ko'ina. Rumasa'u ta saɓa yarinyar ta yi gudu ba takalmi, tana ratsa motoci, leɓen Walida na yin baƙi. Kwana tara ta yi a ƙarƙashin injin numfashi. Da Rumasa'u ta je wa Alhaji da maganar, ko tashi daga kujera bai yi ba.

"Haba 'yata," in ji shi, "ai ba ta mutu ba."

Tun daga ranar take jira.

Yau da hantsi mai unguwa, Malam Isuhu, ya kira ta a waya.

"Rumasa'u, Allah ya yi wa Gwaggo Dije rasuwa, mahaifiyar Alhaji Mamuda. A kwantar mana da tsuntsun nan naki."

"Allah ya jiƙanta, Baba. Na ji."

Ta kwantar da shi, har motocin masu ta'aziyya suka cika layin maƙil. Tana kallo a allo wata ƙatuwar baƙar mota ta zauna daidai ƙofar gidanta. Ta gyara goyon Walida a bayanta. Da aka kira azahar, maza suka ɗunguma masallaci, sai ta tashi Shaho. Ta kuma mayar da kullen da Rumbu ke yi wa motocin da aka kai daga sa'a ɗaya zuwa sa'a ashirin da huɗu, irin kullen da in ya kama ko ita ba ta iya buɗewa.

"Yau kowa ya taka da ƙafarsa ya ji yadda ake ji," ta faɗa a hankali.

Shaho ya fara da baƙar motar, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Rumasa'u tana ƙirgawa, zuciyarta fes. Ta goma sha ɗaya wata rufaffiyar mota ce mai ruwan toka a ƙofar gidan Alhaji. Kunnen rai ya saurara, bai ji komai ba. Shaho ya tafi da ita.

Ihun mata ne ya fara iso mata. Can sai ga Alhaji Mamuda a ƙofar ɗakin, ba hula, Malam Isuhu na riƙe da hannunsa. Ta miƙe, da maganar da ta yi wata huɗu tana tanadi a bakinta. Amma Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Ki ba ni uwata."

"Wace uwar?"

"An yi mata wanka, an sa ta a makara," in ji Malam Isuhu. "Tana cikin motar nan mai ruwan toka, ana jiran a idar da azahar a kai ta a yi mata salla. An gama haƙa kabari, yarinya."

Rumasa'u ta juya kan allo. Ta sa lambarta, ta sa ta gaggawa, ta kira kamfanin da ya ƙera Shaho. Amsa ɗaya ce: saura sa'a ashirin da uku da minti arba'in. Injiniyan ya ce kullen ba ya jin roƙo, da gangan aka yi shi haka don kada wani mai faɗa a ji ya sa a buɗe masa.

"To kunnen naku bai ji da mutum a ciki ba?" Malam Isuhu ya tambaya.

"Masu rai kawai aka koya masa, Baba," in ji Rumasa'u.

Ba wanda ya zage ta. Maza suka kwashi tabarmi suka je gindin Rumbu suka zauna a rana, suna ɗaga kai zuwa hawa na sha bakwai inda Shaho ya ajiye motar. Rumasa'u ta tsaya a bakin layi da Walida a baya. Hanya ta buɗe tar daga farko har ƙarshe, yadda ta daɗe tana so, babu ko mota ɗaya. A cikin ɗaki allo ya yi kore, ya rubuta: An kammala aiki, babu kuskure.